Daga Reggane zuwa Torodi: abin da ya haɗa Nijar da rigimar makaman nukiliya

Wanda ya bar Yamai ya kama hanyar Burkina Faso, in ya yi tafiyar kilomita wajen 60 zai iso Torodi. Ƴan ƙasa sun san garin da kasuwar dabbobi, a shekarun nan kuma an fi jin sunansa cikin labaran rashin tsaro. Amma a birnin Vienna na ƙasar Ostiriya, an san Torodi da wata lamba: PS26. Sunan wata tasha ke nan da aka kafa a yankin, jerin na'urori da aka dasa cikin ƙasa don sauraren motsinta dare da rana. Suna jin girgizar ƙasa, amma abin da aka kafa su su yi farauta shi ne ƙarar bom ɗin nukiliya, idan wata ƙasa ta tayar da shi a ɓoye ƙarƙashin dutse, ko da a wata nahiya ce.

Tashar Torodi ɗaya ce cikin cibiyoyi 337 da aka tsara kafawa a faɗin duniya ƙarƙashin yarjejeniyar haramta gwajin makaman nukiliya ta 1996, wadda Nijar ta amince da ita a 2002. Mutumin da ya jagoranci hukumar da ke kula da waɗannan tashoshi daga 2013 zuwa 2021 maƙwabci ne, Lassina Zerbo ɗan Burkina Faso.

Idan ana labarin nukiliya a rediyo, matashi a Maraɗi ko Damagaram yakan ɗauka zancen manya ne: Amurka da Rasha, Iran da Isra'ila, Koriya ta Arewa. Me ya shafi wanda ke neman na shayi da na kuɗin intanet? Sai dai tarihi ya nuna Nijar ba ƴar kallo ba ce a wannan rigima. Ƙurar gwajin bom ta ratsa sararinta tun kafin ta samu ƴanci. Ma'adinin da ake ƙera makamin da shi yana fita daga ƙasarta fiye da shekara 50. An kuma taɓa amfani da sunanta wajen neman hujjar yaƙi. Yanzu da yarjejeniyoyin da suka ɗaure hannun manyan ƙasashe ke kwancewa ɗaya bayan ɗaya, ya kamata a san inda muke tsaye.

Safiyar Asabar a Reggane

Ranar Asabar 13 ga Fabrairu 1960, da sassafe, sojojin Faransa suka tayar da bom ɗinsu na farko a kan wata hasumiyar ƙarfe kusa da Reggane, cikin hamadar Aljeriya. Sun raɗa masa suna Gerboise Bleue, wato sunan wani ɗan ɓeran hamada mai tsalle. Ƙarfinsa ya kai kilotan 70, kimanin ninki huɗu na wanda Amurka ta jefa wa Hiroshima ranar 6 ga Agusta 1945, wanda kafin ƙarshen shekarar ya hallaka mutum wajen 140,000. A lokacin, saura ƙasa da wata shida Nijar ta karɓi ƴancinta. Babu wanda ya tambayi makiyayan Azawak ko manoman Ader ra'ayinsu.

Hukumomin Faransa sun yi ta cewa wurin fayau ne, ba kowa, kuma gubar ba za ta yi nisa ba. Sai a 2013 aka cire wa wata taswirar soja hatimin sirri, jaridar Le Parisien ta buga ta a Fabrairun 2014. Taswirar ta nuna cewa cikin ƴan kwanaki burbushin nukiliya ya bazu a yammaci da tsakiyar Afirka, ya kai N'Djamena da Bamako, bayan kwana 13 kuma ya isa gaɓar tekun Sifaniya da tsibirin Sisili. Duk wanda ya san taswirar yankin ya san abin da ke tsakanin Reggane da N'Djamena. Kuma watan Fabrairu lokacin hunturu ne, lokacin da iskar arewa ke kwaso ƙurar hamada ta sauke mana.

Daga 1960 zuwa 1966 Faransa ta yi gwaji 17 a Aljeriya: huɗu a sarari a Reggane, 13 kuma cikin ramukan dutse a In Ekker, kilomita wajen 150 arewa da Tamanrasset, garin da dubban ƴan Nijar ke zaune ko suke ratsawa wajen biɗa. Ranar 1 ga Mayu 1962 gwajin da aka kira Béryl ya ƙwace, dutsen ya kasa riƙe shi, hayaƙi mai guba ya fito ya rufe sojoji da ma'aikata, har da ministocin Faransa biyu da suka zo kallo. Da za su tashi, sojojin sun binne motoci da ƙarafan da gubar ta taɓa cikin rairayi. Har yau Aljeriya na neman a ba ta cikakkiyar taswirar inda aka binne su. Faransa ta yi dokar biyan diyya a 2010, dokar Morin, amma ƴan Aljeriya da suka samu wani abu a ƙarƙashinta ƴan ƙalilan ne ƙwarai.

Afirka ba ta yi shiru ba a lokacin. A Disamban 1959 wata tawagar masu adawa da gwajin ta taso daga Accra da niyyar isa Reggane ta zauna a filin, sojojin Faransa suka tare ta a Haute-Volta, Burkina Faso ta yau. Bayan fashewar, Kwame Nkrumah ya ƙwace ikon taɓa kadarorin Faransa da ke Ghana. A Janairun 1961, bayan gwaji na uku, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Legas, ta hana jiragen sama da na ruwan ƙasar sauka a Najeriya. A shekarar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙudurin da ke kira a ɗauki Afirka a matsayin yankin da ba a shigo da makaman nukiliya.

Gari mai ruwan ɗorawa

Akwai wani zance da ke yawo a Facebook da WhatsApp cewa da uraniyom ɗin Arlit aka ƙera bom ɗin Reggane. Lissafin shekaru bai yarda da haka ba. An gano ma'adinin a Azelik a 1957, an kafa kamfanin Somaïr a 1968, haƙa kuma ba ta fara ba sai 1971, shekara 11 bayan Gerboise Bleue. Cominak ta fara fitar da nata a Akokan a 1978, aka rufe ta a ƙarshen Maris 2021. Ƙasar Afirka da ma'adininta ya shiga bom na farko ita ce Kwango: daga mahaƙar Shinkolobwe da ke Katanga aka ɗebi mafi yawan uraniyom ɗin da Amurka ta yi aikin bom ɗin Hiroshima da shi.

Abin da ke fita daga Arlit ba makami ba ne. Gari ne mai ruwan ɗorawa da ake zubawa cikin ganguna. Shekaru da dama manyan motoci na ɗauke da shi ta hanyar Tawa, wadda ake kira hanyar uraniyom, su bi Dosso da Gaya zuwa tashar ruwan Kwatano, daga nan jirgi ya kai shi Faransa. A cikin uraniyom ɗin da aka haƙo, nau'in da ke iya kama wutar nukiliya bai kai kashi 1 cikin 100 ba, 0.7 ne kacal. Sai an tace shi a wasu injuna masu juyawa da tsananin gudu. In an kai shi kashi 3 zuwa 5, ya isa tashar lantarki. In an ci gaba har wajen kashi 90, ya zama na bom. Injin ɗaya ne, bambancin kawai inda aka tsaya. Wannan shi ne dalilin da ya sa ake ta ja-in-ja da Iran a kan yawan tacewa, shi ya sa kuma hukumar makamashin nukiliya ta duniya, AIEA, ke bin sawun kowace ganga.

Bin sawun nan bai kasance da ƙarfi ba a da. Tsakanin 1978 da 1981, kafin Nijar ta shiga yarjejeniyar hana bazuwar makaman nukiliya, Libiya ta sayi fiye da tan 2,000 na wannan gari daga Nijar. Daga baya aka gano Mu'ammar Gaddafi yana da shirin ƙera makami a ɓoye, shirin da ya sanar da yin watsi da shi a Disamban 2003. Garin kuwa ya ci gaba da zama a rumbunan kudancin Libiya. A Maris 2023 AIEA ta sanar cewa ganguna goma, kimanin tan biyu da rabi, sun yi ɓatan dabo daga wani wurin ajiya a ƙasar. Bayan ƴan kwanaki dakarun gabashin Libiya suka ce sun gan su a yankin da ke kusa da iyakar Cadi. Ganga ba ta da baki, ba ta faɗin inda za ta kwana bayan shekara 40.

A gida kuwa, abin da ya rage shi ne tulin. Ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa, wadda ta daɗe tana auna gurɓata a Arlit, ta ƙiyasta cewa Cominak ta bar dusar ma'adini mai tururin guba da ta kai tan miliyan 20 a gefen gari.

Takardun jabu da suka kai ga yaƙi

Ranar 28 ga Janairu 2003, a jawabinsa na shekara gaban majalisar dokokin Amurka, shugaba George W. Bush ya ce gwamnatin Birtaniya ta samu labarin Saddam Hussein ya nemi uraniyom mai yawa daga Afirka. Bai ambaci sunan ƙasa ba, amma kowa ya san Nijar ake nufi. Akwai wasu takardu da suka ɓulla ta hanyar Italiya, masu ɗauke da tambarin gwamnatin Nijar, da ke nuna wai an ƙulla cinikin tan 500 da Iraƙi.

Tun a Fabrairun 2002 hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta turo tsohon jakada Joseph Wilson Yamai ya bincika. Ya yi kwanaki yana ganawa da jami'ai da mutanen kamfanonin haƙa, ya koma ya ce da wuya ƙwarai a ce an yi wannan ciniki, domin ba yadda za a fitar da kaya masu yawa haka ba tare da masu hannun jari sun sani ba. Ba a saurare shi ba. Da takardun suka isa hannun AIEA, ba a ɗauki lokaci ba aka gano aibinsu. Ɗaya daga cikin wasiƙun na ɗauke da sa hannun wani ministan harkokin waje da ya bar kujerar fiye da shekara goma kafin ranar da aka rubuta a kanta. Ranar 7 ga Maris 2003 shugaban hukumar, Mohamed ElBaradei ɗan Masar, ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun ba na gaskiya ba ne. Bayan kwana 13 aka fara ruwan bama-bamai a Bagadaza. Ba a samu makamin nukiliya ko ɗaya a Iraƙi ba.

Darasin da ke cikin wannan labari ya shafe mu kai tsaye. Masu binciken ƙasa da ƙasa ba su iya hana yaƙin ba, amma su ne suka wanke sunan Nijar a gaban duniya. Ƙasar da ke sayar da uraniyom, garkuwarta ita ce a iya tabbatar da inda kowace ganga ta tafi.

Alƙawarin 1968, da wanda ya cika nasa

Ginshiƙin duk wannan tsari shi ne yarjejeniyar hana bazuwar makaman nukiliya, TNP a taƙaice, wadda aka sa wa hannu a 1968 ta fara aiki a 1970. Ciniki ne mai ƙafa uku. Ƙasashen da ba su da makamin sun yi alƙawarin ba za su nema ba. A madadin haka, aya ta 4 ta ba su ƴancin amfani da nukiliya wajen lantarki, asibiti da noma. Ƙasashe biyar da suka riga suka mallaka, wato Amurka, Rasha, Birtaniya, Faransa da Sin, aya ta 6 ta ɗora musu nauyin tattaunawa da zuciya ɗaya don kwance ɗamara. Nijar ta shiga a 1992, shekarar da Faransa da Sin su ma suka shiga. Indiya, Pakistan da Isra'ila ba su taɓa shiga ba, Koriya ta Arewa ta fice a 2003. Ƙasashe tara ke nan masu makamin.

Ba za a ce ba a yi komai ba. A 1986 kawunan makaman nukiliya a duniya sun kai wajen 70,000. A 1987 Ronald Reagan da Mikhail Gorbachev suka sa hannu kan yarjejeniyar da ta sa aka lalata makamai masu linzami masu matsakaicin zango kusan 2,700. Yarjejeniyoyin START suka biyo baya, jami'an kowane ɓangare na shiga sansanonin ɗaya suna ƙirga makamai da idonsu. Yukiren, Belarus da Kazakistan suka miƙa waɗanda suka gada daga Tarayyar Sobiyet. Cibiyar SIPRI ta birnin Stockholm ta ƙiyasta cewa a farkon 2025 saura 12,241, kusan kashi 90 cikin 100 a hannun Amurka da Rasha. Faransa na da wajen 290, Sin wajen 600, kuma nata ne ke ƙaruwa da sauri fiye da na kowa. Kimanin 2,100 suna cikin shirin ko-ta-kwana, ana iya harba su cikin ƴan mintuna.

Sai dai igiyar ta fara tsinkewa. Amurka ta fice daga yarjejeniyar taƙaita garkuwar makamai masu linzami a 2002. Yarjejeniyar 1987 ta mutu a 2019, kowane ɓangare na zargin ɗaya da karya ta. Ta ƙarshe da ta rage a lokacin tsakanin Washington da Mosko ita ce New START, wadda Barack Obama da Dmitry Medvedev suka sa wa hannu a Prague a 2010, ta ƙayyade wa kowannensu kawuna 1,550 da aka girke. An tsawaita ta a 2021 zuwa 5 ga Fabrairu 2026, kuma ƙa'idarta sau ɗaya ta yarda a yi haka. Tun a Fabrairun 2023 Rasha ta dakatar da aiki da ita, ziyarar masu bincike kuwa ta riga ta tsaya kafin nan.

Ita ma yarjejeniyar da ta haifi tashar Torodi ba ta fara aiki a hukumance ba, shekaru kusan 30 bayan rubuta ta. Sai ƙasashe 44 da aka lissafa sun amince, kuma tara sun rage: Amurka, Sin, Masar, Iran, Isra'ila, Indiya, Pakistan, Koriya ta Arewa, sai Rasha da ta janye amincewarta a Nuwamban 2023. A ƙarshen Oktoban 2025 Donald Trump ya ce ya ba da umarnin a koma gwaji daidai da yadda wasu ke yi, ko da yake ministan makamashinsa ya ce ba fashewar nukiliya ake nufi ba. Manyan tarurrukan bitar TNP na 2015 da 2022 duk sun watse ba tare da matsaya ɗaya ba.

Hanyar da Afirka ta zaɓa

A Maris 1993 shugaba F. W. de Klerk ya tsaya gaban majalisar Afirka ta Kudu ya amsa abin da aka daɗe ana zargi: gwamnatin wariyar launin fata ta ƙera bama-bamai shida, kuma an riga an wargaza su. Har yanzu ita kaɗai ce ƙasar da ta ƙera makamin da hannunta sannan ta lalata shi. Wannan ya buɗe ƙofar cika burin da shugabannin Afirka suka ayyana a Alƙahira tun 1964. Ranar 11 ga Afrilu 1996 aka sa hannu kan yarjejeniyar Pelindaba, wadda ta ɗauki sunan cibiyar nukiliyar Afirka ta Kudu, ta fara aiki a Yulin 2009.

Pelindaba ta haramta ƙera makamin, gwada shi, ko barin wata ƙasa ta girke shi a nahiyar. Ta haramta zubar da sharar nukiliya. Akwai kuma ayar da ta shafi Arlit kai tsaye: ƙasar da ta shiga ba za ta sayar wa ƙasar da ba ta da makamin uraniyom ba, sai in mai sayen ya yarda AIEA ta sa ido a kan dukkan ayyukansa na nukiliya. Nijar na cikin wannan yarjejeniya. Amurka kuwa ta sa hannu kan ƙarin takardun da ke alƙawarin ba za a kai wa ƙasashen yankin harin nukiliya ba, amma majalisar dattawanta ba ta amince da su ba.

Da haƙuri ya ƙare, ƙasashen da ba su da makamin suka ɗauki wani mataki ba tare da jiran manya ba. Ranar 7 ga Yuli 2017 ƙasashe 122 suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da yarjejeniyar haramta makaman nukiliya baki ɗaya, TIAN. Najeriya da Afirka ta Kudu na cikin ƴan ƙasashen da suka ja ragamar tattaunawar. Ta fara aiki ranar 22 ga Janairu 2021. Abin da ya bambanta ta shi ne ayoyi na 6 da 7, waɗanda a karon farko suka tanadi taimaka wa waɗanda gwaji ko amfani da makamin ya cutar, da tsabtace wuraren da aka gurɓata. Tamkar an rubuta su ne da Reggane da In Ekker a zuciya. Najeriya ta kammala amincewa ranar 6 ga Agusta 2020, ranar cika shekara 75 da Hiroshima. Nijar ta sa hannu ranar 9 ga Disamba 2020, saura mataki na biyu, miƙa takardar amincewa, wanda shi ke mayar da yarjejeniya doka a kan ƙasa.

Masu suka na cewa TIAN takarda ce kawai, tun da babu ko ɗaya daga ƙasashe tara, ko daga ƙawancen OTAN, da ta shiga. Magoya bayanta na amsawa da misalin nakiyoyin da ake binnewa: yarjejeniyar Ottawa ta 1997 ba ta samu sa hannun Amurka, Rasha ko Sin ba, amma ta mayar da makamin abin kunya, ƙera shi da cinikinsa suka ja baya sosai na tsawon shekaru.

Muhawarar fada

A fada, in hira ta kai nan, da wuya a rasa mai tayar da tambayar da ke cin ran matasa da yawa: mu da ke da uraniyom, me zai hana mu yi namu? Hujjar ba ta wasa ba ce. Gaddafi ya ajiye shirinsa a 2003, a 2011 jiragen OTAN suka yi wa ƙasarsa luguden wuta, abin da ya biyo baya kuma Sahel ce ke biya har yau. Yukiren ta miƙa makamanta bisa alƙawarin Budapest na 1994 cewa za a mutunta iyakokinta, Rasha ta karya shi a 2014 da 2022. Koriya ta Arewa ta yi gwaji shida, babu wanda ya taɓa ta. Duk lokacin da babbar ƙasa ta yi haka, tana koya wa ƙanana cewa mai makami ne ke barci.

Amma akwai ɗaya gefen lissafin. Ƙungiyar ICAN, wadda ta samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2017, ta ce ƙasashe tara sun kashe fiye da dala biliyan 100 a kan makamansu a 2024 kaɗai. A kuɗinmu wajen sefa biliyan 60,000 ke nan, kusan ninki 20 na kasafin Nijar na shekara. A ƙasar da wajen mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki, wadda ta ɗanɗana duhu a Agustan 2023 da aka katse layin da ke zuwa daga Najeriya, ayar TNP da ta fi amfani ita ce ta 4. Kuma ba a samun ta sai an riƙe sauran. Bom bai hana hare-haren ƴan bindiga a Pakistan ba, ba kuma zai tsare ƙauye a Tillaberi ko Diffa ba.

Nisa ma ba kariya ba ce. Wani bincike da masana jami'ar Rutgers suka jagoranta, aka buga a mujallar Nature Food a Agustan 2022, ya nuna cewa hayaƙin biranen da suka ƙone zai iya tare hasken rana na shekaru, sanyi ya sauko, amfanin gona ya faɗi. Sun ƙiyasta cewa babban yaƙin nukiliya tsakanin Indiya da Pakistan na iya jawo yunwar da za ta kashe fiye da mutum biliyan biyu, na Amurka da Rasha fiye da biliyan biyar. Wanda ya ga yadda yaƙin Yukiren ya ɗaga farashin burodi da takin zamani a kasuwar Maraɗi bai buƙatar dogon bayani.

Yanzu uraniyom ɗin Nijar na kan wata sabuwar gaɓa. An janye izinin Imouraren daga hannun Orano a Yunin 2024, an mayar da Somaïr mallakar ƙasa a Yunin 2025, hukumomi kuma sun ce ƙasa na da ƴancin zaɓen wanda za ta sayar wa. Ƴancin ya zo da nauyin da a da ake iya jingina wa wani. Wa zai saya, kuma a ƙarƙashin wane sa ido? Wa zai ɗauki nauyin tulin Akokan da lafiyar waɗanda ke zaune kusa da shi? Yaushe za a kammala amincewa da TIAN, don Nijar ta samu kujera a inda ake maganar waɗanda ƙurar gwaji ta shafa? Tambayoyi ne da ɗan ƙasa, yana Tawa ne ko Tamanrasset, yake da haƙƙin yi.

Tun daga 1945 an yi gwajin nukiliya fiye da 2,000 a duniya. Na ƙarshe da tashoshin sauraro suka tabbatar shi ne na Koriya ta Arewa, ranar 3 ga Satumba 2017. Daga ranar zuwa yau ba su sake tabbatar da wani ba, kuma don a ci gaba da ƙirga irin waɗannan kwanaki ne aka binne na'urori a ƙasar Torodi.